Shatu da Ta Hana Dubiya

Har yau akwai gidaje a Gidan Sori da idan aka ambaci Shatu mai ƙuli-ƙuli sai a taɓe baki, a ce ai ita ce wadda ta hana dubiya. Ni Tala, darni ɗaya ya raba gidana da na ƙanenta Sabi'u. Tare muka yi tallar gujiya da ita tun ba mu iya ɗaura zane da kyau ba, kuma na gaji da jin labarin nan a bakin mutanen da iyakar abin da suka gani shi ne ƙofar zaure. Zan faɗi abin da idona ya gani da abin da ita ta gaya mini. Wanda ransa zai ɓaci, ya ɓaci.

Shatu gajeriya ce, damatsanta kamar na maƙeri saboda shekarun da ta yi tana murza tunkuza tana matse mai. Idan tana ciniki a kasuwar Gidan Rumji, daga layin masu dabbobi ana jin muryarta. Ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwar mutuwa ta je sai an taɓa ta. Su bakwai uwarsu ta haifa, Sabi'u ne auta, kuma ba a yaye shi ba uwar ta rasu. Shatu ce ta goya shi. Na sha ganinta da faranti a ka da shi a baya, yana tsotsar bakin zanenta. Da ubansu ya bi bayan uwar, ƙanensa Baba Ɗanmalam ya kwashe su duka ya riƙe, bai taɓa bambanta su da 'ya'yan cikinsa ba.

Baba Ɗanmalam mutum ne mai tofi. Duk garin nan babu wanda bai durƙusa gabansa ba. Idan yaro ya yi zazzaɓi, ko saurayi zai tafi ci-rani, ko mace ta fito wankan jego, sai a je wurinsa. Zai dafa kanka ya karanta abin da ya sawwaƙa, sannan ya tofa maka a ka da ƙirji ya shafe da tafinsa. Ba ya karɓar ko goro. A wurinsa addu'ar da ba a tofa ba kamar tuwo ne da aka tuƙa ba a kwashe ba. Sabi'u kuwa ɗan gabansa ne, ko kasuwa zai tafi sai ya biya an tofa masa.

Ciwon Sabi'u ya fara da idanu. Suka yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, mutumin da yake nome gona biyu shi kaɗai ya koma ba ya iya ɗaga buta. Aka kai shi Maraɗi, daga can aka tura su Yamai. Likitoci suka ce ciwon hanta ne da ya daɗe yana cin sa a ɓoye, hantar ta gama lalacewa, babu abin da ya rage sai dashe. Wato a yanko wani sashe na hantar ɗan'uwansa mai lafiya a dasa masa, kuma ba a yin wannan aiki a ƙasarmu. Babban wansu Maikuɗi, mai fataucin hatsi tsakanin Gidan Rumji da Jibiya, ya ce ya ɗauki nauyin tafiya Masar. Abin da ya kashe ba aljihuna ba ne, ba zan shiga ba.

Aka gwada jinin 'yan'uwa. Wasu aka tarar suna ɗauke da ƙwayar ciwon su ma, wasu kuma da suka ji maganar wuƙa sai uzuri ya yi musu yawa. Na Shatu ya dace. Mijinta Usman mai amalanke, mutumin da sai ya yini bai yi magana goma ba, ya dube ta ya ce, "In kin mutu hwa?"

Ta ce, "Sai ka koyi tuƙa tuwo."

Ranar tafiya Baba Ɗanmalam ya durƙusar da su biyun a tsakar gida ya yi musu tofi mai tsawo.

Abin da ya faru a Alƙahira daga bakin Shatu na ji. Ta ce ta farka ta ji kamar amalanken Usman ya bi ta kan cikinta, abin da ta fara tambaya shi ne ko yaron yana numfashi. A asibitin akwai wata yarinya 'yar ƙasarmu, daga garin Agiye, mai suna Nazira, tana karatun garkuwar jiki, bincikenta kuma a kan irin wahalar da hanta take sha ne bayan an dasa ta. Ita ce ta zama tafintarsu. Kullum tana zuwa da 'yan kwalabe tana neman izinin ɗibar jininsu don binciken, har Shatu ta sa mata suna Sauro. Ana gab da sallamar su Shatu ta riƙe mata hannu ta ce ta faɗa mata gaskiya da Hausa, ba da yaren likita ba.

Nazira ta ce, "Inna, jikin kowa yana da masu gadi, kamar karnukan gida. Hantar nan ta sha wuya. Ta zauna babu jini lokacin da aka ciro ta daga jikinki, da jini ya dawo mata kuma ya shige ta da ƙarfi ya ƙuje ta. Masu gadinsa sun ji rauni, sun kuma ga baƙuwa, sun taso mata. Maganin da zai riƙa sha kullum har ƙarshen ransa, ɗaure su yake yi."

Shatu ta ce, "To in an ɗaure karnuka, wa ka tsaron gida?"

"Ku. Murar da za ta sa ki atishawa kawai, shi tana iya sauka a huhunsa ta kashe shi, musamman a watannin farko. Za a yi masa allurar rigakafin mura da ta korona idan lokacinta ya yi, amma jikin da aka ɗaure wa masu gadi ba ya kama allura sosai. Dalilin haka ma muke ta bincike. Don haka sai a yi wa duk wanda yake kwana yana tashi tare da shi. Mai tari kuwa, ko wane ne, kada ya matso kusa."

Shatu ta ce ta maimaita mata "ko wane ne", Nazira ta maimaita.

Sun dawo an gama kai gero rumbu, sanyi ya fara, mura tana yawo gida-gida kamar kowace shekara. Ku da kuka san mu kun san dubiya. Idan mutum ya dawo daga asibiti, gari ne yake tashi ya zo. A cika ɗaki har a rasa wurin sa ƙafa, tsofaffi su zauna a bakin gado su dafa goshi, mata su ɗora masa jarirai a cinya, a dama fura a ƙwarya ɗaya ludayi ya zagaya kowa. Ni kaina ina son al'adar nan. Lokacin da na yi jinya ita ta riƙe mini zuciya, kuma wanda bai zo duba ni ba har yau ina sane da shi. Ba wai ban san abin da Shatu ta taka ba.

Tun kafin mota ta sauke su ta riga ta tsara abinta. Maikuɗi ya kawo allurar mura daga Maraɗi a cikin kula mai ƙanƙara, Shatu ta tasa ƙeyar mutanen gidan zuwa gidan likita: Farida matar Sabi'u, 'ya'yansu, Usman, da ni, wai don darninmu ɗaya kuma ba na iya zama ban leƙa ba. Ta tsaya a kanmu har aka tsira wa kowa, ita ma aka tsira mata. Hannuna ya yi tsami, na zage ta, ta ce in ƙara. Sannan ta sa Usman ya yanke wata 'yar kafa a darnin da yake kallon hanya, daidai fuskar mutum. Aka shimfiɗa wa Sabi'u tabarma can ƙarƙashin bishiyar bedi a tsakiyar gida, inda murya take kaiwa amma numfashi ba ya kaiwa. Ita kuwa ta kifa turmi a bakin zaure ta zauna, buta da sabulu a gefe, muciya a kan cinya.

Mutane suka zo, ta nuna musu kafa. "Ku gaishe shi daga nan, shina jin ku."

Wasu suka yi dariya suka leƙa suka ce ya jiki, Sabi'u ya ɗaga hannu. Da yawa suka juya da kwanon abincinsu a hannu. Kafin a yi haka gari ya ɗauka. Aka ce Shatu ta hau jirgi ta dawo da girman kai. Aka ce ba hantarta aka sa masa ba, ta wata dabba ce, shi ya sa ake ɓoye shi. Wata ma ta rantse cewa wanda yake zaune ƙarƙashin bedin ba Sabi'u ba ne. Mata suka daina aiko yara sayen ƙuli-ƙulinta, suka koma wurin wata da ƙulinta yake karya haƙori.

Wata safiya matan dangi suka haɗo kai suka zo gaba ɗaya, suna ganin yawa zai sa ta ji kunya. Babbarsu ta ce, "Shatu, mu ma jininsa ne. Ba ke kaɗai kika san zafinsa ba."

Shatu ta miƙe, ta ɗage rigarta a gabansu. Tabon ya taso daga ƙarƙashin ƙirji ya karkata zuwa haƙarƙarin dama, ja wur, da sawun ɗinki kamar bakin buhu. Ta ce, "Wadda ta ba da tata, ta shiga."

Babu wadda ta shiga. Ni ina leƙe ta darni, kuma ban ɓoye ba, daɗi na ji.

Duk wannan mai sauƙi ne, don Baba Ɗanmalam ba ya gari. Ya tafi Sae Sabuwa wurin wata 'yarsa da ta haihu, ya daɗe can. Da ya dawo ko gidansa bai zauna ba, ya nufo gidan Sabi'u da hantsi, dattawa suna biye da shi. Tun daga kwanar masallaci muka ji tarin. Tari ne mai nauyi, irin wanda yake sa tsoho ya tsaya ya dafa sanda. Na dubi Shatu, na ga fuskarta ta canza. Ta ajiye muciyar a ƙasa, ta sauko daga turmin ta durƙusa a tsakiyar ƙofa, ta cika ta.

"Baba, sannu da hanya. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Tashi in ga ɗana."

"Baba, tari kake."

"Tarin sanyi na. Tashi."

"Ga kafa can, Baba. Ka yi mashi addu'a daga nan, Allah na ji."

Tsohon ya dube ta kamar bai gane yaren ba. Ya ce, "Ni za ki nuna ma kafar darni? Ni da na yi mashi tofi kahin ya tahi, Allah ya maido shi, ki ce ba ni tofa mashi na godiya? Gidan wana na wanga. Tun ba a haihe ki ba nike shiga."

"Na sani, Baba. Kai ka rene mu, ba ni da uban da ya wuce ka. Amma yawunka yau ba ya taɓa Sabi'u. Ka warke, ni da kaina zan zo in ɗauko ka."

Wani dattijo ya ce mata ta ji tsoron Allah, dubiya haƙƙi ce. Ta ce ta sani, rai ma haƙƙi ne. Daga ciki muka ji muryar Sabi'u, siririya, yana cewa, "Yaya, bar shi ya shigo. Don Allah, Yaya." Ba ta ko waiwaya ba. Hawaye yana zuba a fuskarta, gwiwoyinta suna ƙasa, amma ba ta matsa ko taƙi ɗaya ba.

Baba Ɗanmalam ya yi tari har ya sunkuya. Da ya ɗago ya ce, "To. Ƙahwata ba ta sake taka gidan ga." Ya juya, dattawa suka bi shi. Daga ranar har masu leƙa kafa suka ragu, Sabi'u kuma ya daina yi mata magana. Idan ta miƙa masa magani sai ya karɓa yana kallon wani wuri. Ta ce da ni, "Ya yi ta fushi, Tala. Mai rai ka fushi."

Tarin Baba bai tsaya a maƙogwaro ba, ya sauka ƙirji. Ya kwanta. Gari ya tafi dubiya kamar yadda aka saba, aka cika ɗakin, ludayi ya zagaya, bayan 'yan kwanaki rabin unguwarsu yana tari. Ban ce komai ba a lokacin, yanzu ma faɗa kawai nake yi. Usman ya kai shi asibitin Gidan Rumji a amalanke, aka ba shi magani, aka ce ya zauna, ya ce shi a ɗakinsa zai kwanta. Labari ya iso cewa jikin ya yi tsanani.

Da la'asar ina tankaɗe na ji motsi a zauren Sabi'u. Na leƙa na ga Sabi'u ya sa riga da hula, rigar tana yawo a jikinsa, ya tsaya a gaban yayarsa.

"Yaya, matsa. Zan tahi in ga Baba."

"Ba ka zuwa."

"Shi ya rene ni. In ya cika ban gan shi ba, da wane ido zan dubi mutane?"

"Da idon mai rai."

"Jikina na, Yaya."

"Jikinka na, amma abin da ke cikinsa nawa na, kuma ban ba ta izinin hita ba. Ɗakin can cike yake da masu tari. In ka shiga, gawa biyu za mu wanke."

Ya ce to ya ji, gara ya mutu da mutuncinsa. Maganar ta soke ta, na gani. Sannan ta ce, "Haƙƙin Baba a kanmu yake, mu biyu. Ni zan tahi in biya na mu biyu. Zan zauna wurinsa har abin da Allah ya yi." Ta ɗaga murya ta ce, "Tala, zagayo."

Na zagayo. Ta ɗora mini muciyar a hannu. Ta ce idan ta shiga ɗakin Baba ita ma ta zama mai tari, ba za ta sake taka zauren nan ba sai ta tabbata ta fita tsaf. Ta ce kowa ya zo, kafa. Na ce har ke? Ta ce, "Ko wane ne." Ta ɗaura takunkumi a hanci ta tafi, ba ta yi sallama da Sabi'u ba don kada ya riƙe ta.

Haka na gaji turmin da zagin da yake tare da shi. Farida tana kula da magani, ni ina kula da ƙofa.

A can kuwa Baba ya juya wa Shatu baya. Ta dama kunu ya ƙi sha, sai idan wani ya miƙa. Ba ta damu ba, ta riƙa damawa tana ba wani yana miƙawa. Ita take wanke masa tufafi, ita take tallafe shi idan tari ya turnuƙe shi, ita take kwashe kaki. Masu dubiya suna shigowa suna ganinta suna kawar da kai, wasu suna cewa da ƙarfi wai ta zo wanke laifi. Ta ce da su ba ta yi laifin da za ta wanke ba, su matsa daga bakin taga iska ta shigo.

Abin da zan faɗa yanzu su biyu ne kawai a ɗakin, ita ta gaya mini, kuma Shatu ba ta iya ƙarya ba, bakinta ya fi ƙarfin ta. Wata safiya bayan an watse ya kira sunanta, karo na farko tun ranar zaure.

"Da gaske tarina na iya kashe shi?"

"Da gaske, Baba."

"Kuma naman jikinki na a cikinsa."

Ta ce e. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Ke dai ba ki da kunya, tun kina ƙarama." Sannan ya ce ta tayar da shi zaune, ta juya shi ya fuskanci wajen gidan Sabi'u. Ya ɗaga hannu ya yi ta karatu, numfashi yana yanke masa yana sake kamawa, yana ambaton sunan Sabi'u. Da ya kai ƙarshe ya tara leɓɓansa yadda ya saba yi duk rayuwarsa. Shatu ce a gabansa, ta sunkuyar da kai tana jira. Ba ta ji komai ba. Ta ɗago ta ga ya kawar da fuska gefe, ya rufe baki da hannun riga, ya haɗiye. Ya shafa busassun tafukansa a kan nata ya ce, "Ki kai mashi. Babu yawu a ciki."

Bai janye rantsuwarsa ba, kuma bai sake taka gidan ba. Ya rasu da hantsi bayan 'yan kwanaki, kansa a hannun Shatu. Da aka ɗauko shi zuwa maƙabarta ta hanyarmu aka bi. Sabi'u ya tsaya ƙarƙashin bedi yana kallon makara tana wucewa ta 'yar kafar nan, ya ɗaga hannu yana addu'a shi kaɗai, Farida tana riƙe da gefen rigarsa. Mutane sun ƙirga waɗanda suka je jana'iza, sun ga babu ɗan gaban marigayi, kuma sun san a kan wa za su ɗora.

Shatu ta kamu da tarin, kamar yadda ta faɗa. Nata bai yi nauyi ba, ko don allurar ne ko don taurin kanta, amma ta yi tari sosai. Ta zauna a gidanta, zaman makoki ma daga bakin ƙofar ɗakinta ta karɓi gaisuwar 'yan kaɗan da suka ga dama. Da ta ɗan samu ƙarfi sai ga ta da rana tsaka, ta rame, takunkumi a fuska. Ba ta nufo zaure ba. Ta je ta tsaya a kafar darni, daidai inda ta tsayar da gari duka, har sai da ta yi ɗage don gajarta.

Sabi'u ya gan ta ya miƙe ya nufo ta da sauri. Ta daka masa tsawa da dusasshiyar murya, "Koma ƙarƙashin bedi." Ya tsaya cak, ya koma da baya.

Ta ce, "Baba ya ba ni saƙo." Ta faɗa masa yadda aka yi, tun daga tambayar har haɗiyewar. Sannan ta zura tafukanta biyu ta kafar, a buɗe, ta riƙe su haka. Sabi'u ya durƙusa a kan tabarma kamar yadda yake durƙusa wa tsohon, ya ɗaga nasa hannun daga nesa, ya shafa a kansa da ƙirjinsa. Daga nan ya kife yana kuka irin na yaron da ta goya, yana kiran Yaya. Na ga ta damƙe karan darnin har ya karye a hannunta.

Ni ce na kasa. Na tashi daga turmin na buɗe ƙofar na ce, "Shatu, tarin ya kusa ƙarewa. Shiga ko dafa kansa ki yi ki hito."

Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Tala, mi na ba ki muciya ki yi da ita? In na taka zauren ga, ki buga mani." Ta saki darnin ta koma gida, tana tafe tana tari.

Bana Sabi'u ne ya shuka gonar Baba Ɗanmalam, gero da wake, da hannunsa. Yana shan maganinsa, yana zuwa Yamai ana duba jininsa, duk shigowar sanyi kuma Shatu tana tasa ƙeyarmu zuwa allura, har da ni da ban ci ba ban sha ba. Kafar tana nan a darni, Sabi'u ya hana a toshe. Wasu sun dawo sayen ƙuli-ƙuli, wasu har yau ba sa amsa mata sallama da kyau, suna cewa ta raba tsoho da ɗansa a ƙarshen ransa. Wannan gaskiya ne, ta raba su, ita ma ba ta taɓa musu ba, kuma na san abin yana cin ta. Kwanan baya Maikuɗi ya zauna da ita ya ce ta daure ta zagaya dangi ta ba su haƙuri, a wuce wurin. Tana murza tunkuza, ba ta ko ɗago ba. Ta ce Sabi'u ne yake bin su dubiya, su zo su yi, yana nan da ransa kuma ƙofa a buɗe take yanzu. Mai tari dai ya tsaya a kafa.